Yadda Ake Haɗa Aji da Jami'ar Ƙasar Waje ta Intanet: Jagora ga Malamai, Mataki-Mataki

Malaman jami'o'i da na kwalejoji na ta maimaita tambaya ɗaya: ta yaya malami a Zariya ko Sakkwato ko Damagaram zai haɗa ɗalibansa da na wata jami'a a Jamus ko Barazil su yi karatu tare, ba biza, ba kuɗin jirgi? Tsarin da aka fi bi shi ne wanda ake kira COIL, wato karatun haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe ta intanet, wanda ya samo suna daga Jami'ar Jihar New York (SUNY). Malamai biyu ne, kowa da kwas ɗin da ya saba koyarwa, za su ware makonni biyar zuwa takwas a cikin zangon karatu, su cakuɗa ɗalibansu a ƙananan rukunoni, su ba su aiki guda wanda ba zai yiwu ba sai da hannun ɓangarorin biyu. Ɗalibi ba ya rajista a jami'ar can, ba ya biyan ta ko sisi, kuma malaminsa na gida ne ke ba shi maki.

Kafin a shiga matakan, ga ginshiƙin da komai ya rataya a kansa: ku tsara aikin tun farko da sanin cewa wuta za ta ɗauke, sabis zai yanke, kalandar jami'a za ta iya gocewa. Wanda ya ɗora komai a kan taron bidiyo na kowane mako, mako na uku bai cika kaiwa ba.

1. Zaɓen kwas

Kada ku ƙirƙiro sabon kwas. Sabon kwas sai ya bi ta sashe, ya bi ta tsangaya, ya je gaban majalisar jami'a, shekara na iya wucewa ba a amince ba. Ku ɗauki kwas ɗin da ke hannunku, ku duba wane babi ne a cikinsa zai ƙara armashi idan aka kalle shi ta idon wata ƙasa. Kwas ɗin kula da muhalli, lafiyar al'umma, aikin jarida, kasuwanci, noma, tsara birane, koyar da harshe, duk suna ɗauka.

Yawan ɗalibai shi ne abin dubawa na biyu. Ajin abokin aikinku a Turai ko Amurka sau da yawa bai wuce mutum 20 zuwa 30 ba, alhali ajin shekarar farko ko ta biyu a nan yana iya kai ɗaruruwa. Don haka a gwajin farko ku nemi kwas na zaɓi a aji uku ko aji huɗu, ko ajin digiri na biyu.

Gargaɗi: kada ɓangare ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau biyu. Idan ajinku 90 ne, nasu 25, ku zaɓi 40 zuwa 50 su shiga, sauran ku ba su wani aikin mai nauyi iri ɗaya da maki iri ɗaya. Ku bayyana yadda aka yi zaɓen a gaban aji, domin kada a ce an yi son kai.

2. Neman abokin aiki

Ku fara neman nan wata shida kafin zangon da kuke nufi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya mafi sauri ita ce mutanen da kuka riga kuka sani: wanda ya duba muku kundin digiri na uku a waje, abokin karatu da ya zama malami a Maleshiya ko Masar ko Ingila, wanda kuka haɗu da shi a taron ƙara wa juna sani, ko ɗan gida da ke koyarwa a ƙetare. Ta biyu, ku je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arku ku nemi jerin yarjejeniyoyin da aka taɓa sa wa hannu. Da yawansu na kwance a fayil ba a taɓa motsa su ba, kuma jami'ar can ita ma tana neman abin da za ta nuna an yi. Ta uku, akwai wuraren da aka tanada don wannan haɗin: cibiyar COIL ta SUNY, da COIL Connect, da UNICollaboration ta Turai. A Afirka, Jami'ar Fasaha ta Durban da Jami'ar Free State a Afirka ta Kudu sun daɗe a wannan harka.

Malaman Hausa na da ƙofa ta musamman. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw da ke Foland, da cibiyar koyar da harsuna ta INALCO a Faris, da Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Beijin. Ɗaliban can na ƙishirwar wanda za su yi magana da shi, naku kuma za su ga yadda baƙo ke koyon harshensu. Kada kuma a raina maƙwabta. Aji a Katsina da aji a Maraɗi haɗin ƙasa da ƙasa ne cikakke: agogo ɗaya, ɗaya na karatu da Ingilishi, ɗaya da Faransanci, Hausa ta zama gada.

Imel ɗin farko kada ya wuce rabin shafi. Ku faɗi sunan kwas, matakin ɗalibai da yawansu, watannin da kuke koyarwa, harshen aiki, da shawarar aiki guda ɗaya a jimla biyu. Ku rufe da neman ganawar minti talatin. Ku aika daga adireshin imel na jami'a, domin saƙo daga adireshin kyauta yakan faɗa kwandon shara ko a ɗauke shi na 'yan damfara.

Gargaɗi: ba dole ne fanninku ya zama ɗaya ba. Ɗaliban aikin gona da ɗaliban kasuwanci sukan fi buƙatar juna fiye da aji biyu na fanni ɗaya. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne saurin amsa saƙo. Wanda ke ɗaukar kwana goma kafin ya amsa imel tun ana shiri, haka zai yi muku ranar da rukuni ya rikice.

3. Daidaita kalanda da agogo

A nan ne aka fi yin asara, don haka a nan za mu daɗe. A ganawar farko, kafin maganar darasi, ku buɗe kalandar jami'o'in biyu gefe da gefe.

Zangon kaka a Amurka yakan fara ƙarshen Agusta ya ƙare tsakiyar Disamba, na biyu daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Mayu. A Jamus lakcocin zangon sanyi daga tsakiyar Oktoba ne zuwa Fabrairu, na bazara daga Afrilu zuwa Yuli. Barazil na farawa wajen Maris, Afirka ta Kudu a Fabrairu. Ku fitar da makonnin da ku duka kuke cikin aji, sannan ku cire makonni biyun farko na zangonku (rajista ba ta kammala ba, rabin aji bai dawo ba), ku cire makonni biyun da ke gaban jarrabawa a kowane ɓangare. Abin da ya rage shi ne filinku. Idan bai kai mako biyar ba, ku ɗage zuwa zango na gaba.

Sai hutu. Ku rubuta Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Mauludi, Ista da Kirsimeti. Su kuma su rubuta nasu, kamar hutun godiya na Amurka da ke faɗowa a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, wanda ke cinye kusan mako guda, da hutun tsakiyar zango na Maris. Azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, saboda haka ku faɗa musu ranakun bana, kada ku ɗauka sun sani. Idan aikin ya faɗo cikin azumi, a kauce wa taron yamma da kwanaki goman ƙarshe.

Agogon Najeriya da Nijar ba ya canzawa duk shekara, amma na Turai da Amurka na canzawa:

- New York na bayanmu da awa 6 a lokacin sanyi, awa 5 daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadi ta farko ta Nuwamba.
- Ingila na bayanmu da awa 1 a lokacin sanyi, daidai muke daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba.
- Jamus da Faransa daidai muke da su a lokacin sanyi, suna gabanmu da awa 1 a waɗancan watannin.
- Ghana na bayanmu da awa 1, Sao Paulo da awa 4. Afirka ta Kudu na gabanmu da awa 1, Kenya 2, Indiya 4 da rabi, Maleshiya 7.

Ƙarfe 2:30 na rana a Kano, bayan Azahar kafin La'asar, ita ce 8:30 na safe a New York a watan Fabrairu, amma 9:30 ce a watan Afrilu. Aikin da ya ratsa Maris ko ƙarshen Oktoba zai gamu da wannan canji a tsakiyarsa, sai ku tarar ɗalibanku na zaune a ɗaki suna jiran mutanen da suka zo suka tafi awa guda da ta wuce. Maganinsa: kowane taro a rubuta lokacinsa da agogo biyu, a kuma saka shi a Google Calendar da ke juya lokaci da kansa. Da Maleshiya safiya ce taku: 9:00 a nan, 4:00 na yamma a can. Ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku a cire ta gaba ɗaya.

Gargaɗi: ku yi wa abokin aikinku maganar yajin aiki tun ranar farko. A 2022 jami'o'in gwamnatin tarayya a Najeriya sun kwashe wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ku amince a rubuce kan abin da za a yi in haka ta faru: ko dai kowane aji ya ƙarasa rabinsa shi kaɗai a ba shi maki, ko a ɗage gaba ɗaya. Ɓoye wannan shi ke kashe amana, faɗinsa ba ya korar mutumin kirki.

4. Izini da takardu

Ku rubuta wa shugaban sashe takarda mai shafi ɗaya, kwafi ga shugaban tsangaya da ofishin hulɗa da ƙasashen waje: sunan kwas, jami'ar da za a haɗa da ita, makonni, da kason makin CA (makin gwaji da ayyukan cikin zango) da aikin zai ɗauka. Tunda ba a taɓa jarrabawar ƙarshen zango ba, ba a kuma canza abin da kwas ya ƙunsa ba, galibi amincewar sashe ta wadatar.

Yarjejeniyar fahimtar juna tsakanin shugabannin jami'o'i na da amfani, amma kada ku jira ta. Gwajin farko yakan yiwu da wasiƙar amincewa tsakanin sassa biyu, kuma sakamakonsa ne zai sa a yi saurin sa hannu a babbar takardar.

Batun bayanan ɗalibai kuwa ba wasa a cikinsa. Turai na da dokar GDPR, Amurka na da FERPA, Najeriya ma ta yi tata dokar kare bayanai a 2023. Abokin aikinku ba zai turo muku makin ɗalibansa ba, wataƙila ma ba zai ba ku lambobin wayarsu ba. Ba raini ba ne, doka ce. Ku ma ku shirya takardar amincewa da kowane ɗalibi zai sa wa hannu: za a ba abokan rukuninsa sunansa da imel ɗinsa, za a naɗi taron bidiyo, ba za a yaɗa hotonsa a waje ba sai da izininsa.

5. Tsara aikin da za a yi

Ku tambayi kanku: shin ɗalibanmu za su iya gama wannan aikin ba tare da sun yi magana da na can ba? In amsar "e" ce, ku sake shi. Ɗalibi ba zai ƙona datarsa a kan hirar da ba ta da tasiri a makinsa ba.

Ga misali, ajin kula da muhalli a Kano da aji a Jamus, batu: ina robar ruwan sha ke zuwa bayan an sha? Ɗaliban nan za su bi ledar fiya wata daga hannun mai talla zuwa kwata, su zanta da 'yan bola da masu sayen roba a kan kilo, su ɗauko hoto da farashi. Na can za su bi kwalbar roba zuwa injin da ke cikin kanti, wanda ke mayar wa mutum santi 25 a kan kowace kwalba. Sannan rukunin ya rubuta shafi huɗu tare: me kowane tsari ya fi ɗayan, me za a iya aro, me ba zai yi aiki ba kuma don me. Babu wanda zai samo rabin ɗan'uwansa a intanet.

Gargaɗi, kuma wannan yana da nauyi: kada ku yarda a tsara aiki inda mu ne matsala, su ne masu kawo magani. Da zarar an ce "ɗalibanmu za su taimaka wa naku su warware matsalar ruwa," ɗalibanku sun koma masu ɗauko bayanai, su kuma masu tunani. Dole tambayar ta shafi ƙasashen biyu, kowa ya buɗe gidansa a duba.

Abin da za a miƙa ya zama mai sauƙin nauyi: rubutu, hotuna masu bayani, shirin murya na minti biyar, ko fosta. Bidiyo mai tsawo na cin data wajen ɗorawa kuma yana fifita masu manyan wayoyi.

Ku rubuta takardar aiki guda ɗaya, da sunayenku ku biyu a sama, a raba wa azuzuwan biyu rana ɗaya. Kason maki ma ya yi kusa. In aikin maki 30 ne a can, 5 a nan, naku za su yi sakaci, na can su fusata. Maki 15 zuwa 20 daga cikin 30 ko 40 na CA ya isa ya sa a ɗauke shi da muhimmanci.

6. Zaɓen manhajoji

Uku sun isa: wurin ajiye umarni da aiki, wurin hira, wurin taro.

Na farko, babban fayil a Google Drive da Google Docs yana aiki a kowace waya, kuma yana adana tarihin wanda ya rubuta me da yaushe, abin da zai yi muku amfani ranar ba da maki. Manhajojin koyarwa irin su Moodle ko Canvas na jami'ar can sun fi tsari, amma buɗe wa baƙi asusu na iya ɗaukar makonni, ku nemi hakan da wuri ko ku haƙura.

Na biyu, WhatsApp ne kowa ke da shi a nan, yana kuma jure raunin sabis. Matsalarsa, yana tona lambar wayar kowa, wasu jami'o'in Turai ba sa yarda a tilasta shi, ɗaliban Amurka da yawa kuma ba su saba da shi ba. Ku tambaya tukuna. In an ƙi, Microsoft Teams ne madadin da aka fi samu.

Na uku, Zoom na kyauta na yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta bayan minti 60 in taron ya kai mutum uku. Mafi sauƙi, jami'ar da ke da lasisi ita ta buɗe taron. Tsofaffin jagorori na ambaton Skype da Flip, dukansu an rufe su, kada ku ɓata lokaci.

Gargaɗi: ku gwada komai a kan ƙaramar wayar Android da data, ba a kan kwamfutar ofis ba. Akasarin ɗalibanku da waya za su yi aikin nan daga farko har ƙarshe.

7. Kayan aiki da kuɗi

Taron bidiyo na rukuni na cin daga megabait 500 zuwa sama da gigabait 1 a awa. Murya kaɗai ba ta kai megabait 100. Daga nan ake lissafi. Taron gaba ɗaya sau uku, kiran rukuni da murya sau biyar ko shida, ɗora hotuna da buɗe takardu: ku ƙiyasta gigabait 4 zuwa 5 ga kowane ɗalibi in kowa da wayarsa zai shiga. Ɗalibi 30, gigabait 150 ke nan a sama. Ku ninka da farashin ranar, domin kuɗin data ya tashi a 2025 kuma bai tsaya wuri ɗaya ba.

Hanyar rage wannan ita ce tara aji a ɗaki ɗaya don manyan tarukan uku. Abin da ake buƙata: kwamfutar tafi-da-gidanka da cikakken caji, majigi ko babban talabijin, lasifika mai haɗe da makirufo irin na taro, MiFi ko rauta, da layi na biyu na wani kamfanin daban a wayar malami. Sai wuta: ɗaki mai sola da inbata, ko janareto da aka zuba wa mai tun jiya, a ajiye shi nesa da taga saboda ƙara. Cibiyar kwamfuta ko ɗakin karatu na intanet na jami'a sukan fi ajin lakca dacewa, ku kama ɗakin a rubuce da ranaku.

Gargaɗi: a ɗaki ɗaya makirufo ɗaya kawai ke buɗe. Wayoyi biyu suka shiga taro ɗaya da murya a kunne, sai kuwwa ta cika ɗakin har a can. Mai magana ya taso ya zo gaban kwamfutar, taga na gabansa ba bayansa ba, in ba haka ba inuwa kawai za su gani.

Kada ku karɓi kuɗi daga hannun ɗalibai da sunan wannan aiki. In sashe na da ɗan abin da zai bayar, a saya wa shugabannin rukunoni data kai tsaye a layinsu. Ku tambayi abokin aikinku ma, wasu jami'o'in na ware ɗan tallafi don irin wannan kuma ana iya kashe wani ɓangare a wajenku. Tarayyar Turai na da tallafin musayar intanet a ƙarƙashin Erasmus+ da ya haɗa da ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, amma wannan na gungun jami'o'i ne, ba na gwajin farko ba.

8. Shirya ɗalibai da raba rukunoni

Mako guda kafin farawa ku ware lakca ɗaya sukutum. A nan kowa zai buɗe imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya, ya shiga babban fayil ɗin a gabanku, ya rubuta layi ɗaya. Wanda bai iya ba a gyara masa nan take.

Rukuni ya zama mutum huɗu zuwa shida, aƙalla biyu daga kowane ɓangare, don in ɗaya ya ɓace kada a rasa muryar ƙasarsa. Ku malamai ne za ku raba, ba ɗalibai ba. Kada a bar mace ita kaɗai a rukunin maza, kuma a haɗa mai kwamfuta da marar ita.

Sai ƙa'idoji, a faɗe su ƙarara, a rubuta:

Amsa saƙo cikin awa 24, ko da "na gani, ba wuta, zan yi gobe" ne. Shiru shi ne babban abin da ke ɓata rukuni, domin na can ba su san dalili ba, sai su ɗauka raini ne ko lalaci. Ba roƙon kuɗi, ba neman a taimaka da biza, ba neman soyayya. Mutum ɗaya ya yi wannan, ya shafa wa aji duka, jami'ar can kuma na iya rufe ƙofa. Buɗe kyamara zaɓi ne, musamman ga ɗalibai mata, a sanar da abokin aiki tun farko don kada a fassara shi da rashin sha'awa. Duk wanda za a ɗauka hoto ko murya a kasuwa ko unguwa, a nemi izininsa.

Ku kuma shirya su kan bambancin ɗabi'a. Za su ji ɗalibi na kiran farfesa da sunansa tsirara. Za su ga Bajamushe ya rubuta "wannan sashe ba daidai ba ne" babu gaisuwa babu kwana-kwana, ba faɗa yake ba. Namu kuma sukan yi shiru don ladabi, su ce "to" alhali ba su yarda ba, can kuwa "to" alkawari ne. Za a yi musu tambayoyi kan addini, aure, tsaro, wasu cikin rashin sani. Su amsa abin da suka sani daga rayuwarsu, suna kuma da damar cewa ba sa son tattauna wani batu. Abokin aikinku shi ma ya yi wa nasa irin wannan zama, ku aika masa da abin da kuke so su sani game da naku.

9. Tafiyar makonni shida

Mako na 1, gabatarwa. Kowa ya ɗora hoto ɗaya na abin da ke gabansa kullum, hanyar zuwa makaranta, kwanon abincin rana, tagar ɗakinsa, da bayani layi biyar, sannan ya yi wa mutum biyu na can tambaya. A ƙarshen mako a yi taron farko na awa ɗaya: minti goma na malamai, sauran a ƙananan ɗakunan rukuni na cikin manhajar taron. Kada ku mai da shi lakca, kada kuma a cika shi da jawaban manyan baƙi.

Mako na 2, kowane rukuni ya rubuta yarjejeniyarsa a shafi ɗaya: ranar ganawa, wa ke yin me, ta ina za a nemi wanda ya ɓace. Kada a tsallake wannan don sauri.

Mako na 3 da na 4, tattara bayanai da kwatantawa. Taro na biyu a ƙarshen mako na 3, kowane rukuni minti uku: ina muka kai, me ya tsaya.

Mako na 5, rubutu tare. Daftarin farko ya shigo ranar Laraba, malamai su yi tsokaci kafin Asabar.

Mako na 6, gabatar da aiki da rufewa. Kowane rukuni ya naɗi gabatarwarsa ya ɗora kwana biyu kafin taro. Ranar taron tambaya da amsa kawai za a yi, in sabis ya yanke ba a rasa komai ba.

Ku malamai biyu ku riƙa ganawa minti ashirin kowane mako a rana tsayayya, da jerin rukunoni a gabanku: wanne ke tafiya, wanne ya yi sanyi.

10. In abu ya rikice

Sabis ya yanke ana tsakiyar taro: a kashe bidiyo, a koma murya. Bai dawo ba cikin minti biyar, a juya zuwa layi na biyu. Shi ma ya ƙi, wakilin aji ya tura saƙo a rukunin hira, ɗaya ɓangaren ya ci gaba ya naɗa, naku su saurara daga baya su amsa a rubuce cikin kwana biyu. A rubuta wannan tsari a takardar aiki tun farko, kowa ya san abin yi ba sai an kira malam ba.

Rukuni ya yi shiru: mako na 3 ne aka fi ganin haka, lokacin da ɗoki ya wuce, sauran kwasa-kwasai suka taso da gwaji. Kowane malami ya nemi nasa ɗalibin, ido da ido in zai yiwu. Kada ku tsawata wa ɗalibin abokin aikinku kai tsaye. Wanda ya ɓace kwana bakwai ba uzuri a mayar da shi aikin madadin, a cike gurbinsa.

Ɓangare ɗaya ya ƙwace rubutun: yakan faru in ɗaya ya fi ƙwarewa a harshen aiki ko ya fi samun intanet. Tarihin takardar zai nuna. A raba sassa da suna, kuma a sa kowa ya rubuta sashen da ke bayanin ƙasar ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya duba ya gyara.

Maganar da ta ɓata rai: a ɗauki hoton saƙon, a kai wa malamin gida, malamai biyu su tattauna kafin kowa ya mayar da martani a rukuni.

11. Maki da rufewa

Ma'aunin maki ɗaya, amma kowa ya duba nasa. Rabon da ke aiki: rabi ga aikin rukuni, kashi ɗaya cikin huɗu ga sa hannun mutum kamar yadda tarihin takarda da saƙonni suka nuna, sauran ga rubutun waiwaye na shafi ɗaya: me na zata, me na tarar, me zan yi dabam. Kada a rage wa ɗalibi maki don lafazinsa ko don sabis ya yanke masa.

Ku fitar da takardar shaidar halarta mai tambarin jami'o'in biyu da sa hannun malaman biyu. Ku nemi izinin amfani da tambari tun mako na 2, yakan ɗauki lokaci. A rubuta a jikinta abin da aka yi da tsawonsa, kada a ba ta kamannin shaidar kammala kwas a jami'ar waje.

Cikin mako biyu da gamawa, ku tura wa ɗalibai tambayoyi biyar ba tare da suna ba, ku rubuta wa shugaban sashe rahoton shafi biyu da adadin waɗanda suka fara da waɗanda suka gama, kuɗin da aka kashe, da samfurin aiki biyu. A cire ɗalibai daga babban fayil, a goge bidiyon da aka naɗa a ranar da takardar amincewa ta faɗa. Sannan ku zauna da abokin aikinku da kalandar baɗi a buɗe, ku gyara takardar aikin tun abin da ya faru bai dushe ba, ku sa ranar fara zagaye na biyu.